Dilan Gida ko Dilan Nesa? Lissafin Sayen Tirelar Tafi-da-Gidanka a Amurka

A Amurka da Kanada akwai wata irin dukiya da iyalai masu matsakaicin ƙarfi ke burin mallaka bayan gida da mota. Ƙaramin gida ne a kan tayoyi, mai gado da madafa da banɗaki da tankin ruwa, ba shi da injin kansa, sai a ɗaura shi a bayan motar a-kori-kura a ja shi zuwa bakin tafki ko gandun daji a yi kwanaki. Ya bambanta da tirelar dakon kaya da aka saba gani a manyan hanyoyi, don haka sunan da ya fi dacewa da shi shi ne tirelar tafi-da-gidanka. Kasuwar tana da girma ƙwarai. A shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun Amurka sun tura wa diloli gidajen tafiya guda 600,240, adadi mafi yawa a tarihin sana'ar, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ake ja da mota ne. Zuwa 2023 adadin ya faɗo zuwa wajen 313,000.

Duk wanda ya yi niyyar saye yakan ci karo da tambaya guda tun kafin ya zaɓi launi ko girma. Dilan da ke garinsu ya faɗi farashi, wani dila kuma da ke jiha ta uku ko ta huɗu ya sa irin wannan tirela, ƙirar kamfani ɗaya, ta shekara ɗaya, a intanet da ragin dala dubu da dama. Wanne zai bi? A ido lissafin mai sauƙi ne: a cire kuɗin mai da na masauki daga ragin, abin da ya rage riba ce. Sai dai wannan lissafi ya manta da abu mafi tsada a cinikin, wato matsayin mai saye a layin gyara. Ga wanda bai taɓa mallakar tirela ba, kuma bai iya gyara da hannunsa ba, dilan kusa mai garejin kirki ya cancanci a ƙara masa kuɗi, kuma kan dilan nesa ne nauyin kawo hujja ya rataya.

Dalilin da ya sa farashin ya bambanta

Kusan duk hanyoyin wannan kasuwa daga wuri ɗaya suke tasowa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na gidajen tafiya da ake ƙerawa a Amurka daga jihar Indiyana suke fitowa, musamman garin Elkhart da kewayensa. Kamfanoni ƙalilan ne kuma ke riƙe da yawancin sunayen da ake gani a jikin tireloli. Thor Industries ya mallaki Airstream tun 1980, ya sayi Keystone a 2001, sannan Jayco a 2016. Forest River na hannun Berkshire Hathaway, kamfanin da Warren Buffett ya gina, tun 2005. Winnebago kuma ya sayi Grand Design a 2016.

Tirela ba ta shiga jirgin ƙasa ko babbar motar dako da yawa-yawa kamar yadda ake kai ƙananan motoci. Galibi direban kwangila ne ke ɗaura ta a bayan motarsa ya ja ta daga masana'anta har harabar dila, ana biyansa gwargwadon nisan tafiya. Dilan da ke Indiyana ko Ohio ko Michigan tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsa da masana'anta. Wanda ke Kalifoniya kuwa sai an ja masa kayan fiye da kilomita 3,000, kuma a kan mai saye wannan kuɗi zai ƙare. Saboda haka ne manyan diloli masu karya farashi suka taru a jihohin da ke kusa da Elkhart, suna sayar da ɗaruruwa da ƙaramar riba ga baƙin da ke zuwa daga nesa.

Dalili na biyu shi ne bashi. Yawancin diloli ba da kuɗinsu suke cika harabarsu ba. Rance suke karɓa daga banki a kan kowace tirela, suna biyan kuɗin ruwa har ranar da ta fita. Wadda ta daɗe a tsaye tana cin dila kowane wata, don haka wanda kaya suka yi masa yawa yakan sauke farashi sosai, musamman idan ƙirar sabuwar shekara ta iso. Farashin da masana'anta ke liƙawa a jiki kuwa mafarin ciniki ne kawai, kusan babu mai biyansa.

Dalili na uku shi ne wanda ba a rubutawa a talla. Dilan da ya sayar wa mutumin da ke zaune kilomita 1,500 daga harabarsa ya san da wuya ya sake ganinsa. Ba zai ware masa makaniki ba, ba zai yi ta kai-da-kawo da masana'anta a kan ƙorafinsa ba. Wani ɓangare na ragin da ya bayar kuɗin hidimar da ya san ba zai yi ba ne.

Kaya ne da ba a gama ƙerawa ba

Mai karatun da ya taɓa auna sayen mota daga Kwatano da sayenta wurin dilan garinsu ya san shigen wannan tambaya, amma akwai bambanci babba. Motar Toyota ta fito daga masana'antar da injuna ke maimaita aiki ɗaya sau dubbai ba kuskure, kuma kowane bakanike a kowane gari ya san cikinta. Tirelar tafi-da-gidanka da hannu ake haɗa ta, da katako da falanki da alminiyam da kusoshi da gam, kuma a masana'antu da dama ana biyan ma'aikata gwargwadon yawan abin da suka kammala. Bayan haka sai a ja wannan gida a kan titi da gudun kilomita 100 a sa'a, kowane rami yana girgiza bututun ruwa da wayoyin lantarki da ƙofofin kabad. Ba abin mamaki ba ne sabuwar tirela ta nuna 'yan matsaloli a watanninta na farko: famfo mai ɗiga, taga da ba ta rufuwa daidai, ɗakin gefe mai zamewa waje ya maƙale, firiji ya ƙi sanyi.

Sana'ar kanta ta san da haka, shi ya sa ta ɗora wa dila aikin duba kowace tirela kafin miƙa ta ga mai ita. A aikace dila shi ne zangon ƙarshe na masana'anta. Idan ya yi binciken da kyau, ya zuba ruwa a tankuna, ya kunna gas, ya hau rufi ya duba gam ɗin da ke toshe mahaɗa, mai saye zai tafi da kaya lafiyayye. Idan ya yi na jeka-na-yi-ka, mai saye ne zai gano aibin a daren farko a daji. Mafi munin aibi shi ne yoyon rufi, domin ruwa yakan daɗe yana shiga bango a ɓoye, katako ya ruɓe, fatar bangon ta ɓamɓare daga jikinsa, kafin a ga tabo a ciki.

Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne garantin ba guda ɗaya ba ne. Kamfanin da sunansa ke jikin tirela ya gina akwatin ne kawai. Firiji ko na'urar sanyaya ɗaki na iya zama na Dometic, kamfanin ƙasar Suwidin. Ƙarfen gindi da injin ɗakin gefe na Lippert. Ƙarafan da ke riƙe tayoyi na Dexter. Da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki suna da nasu garantin daban, da nasu ofishin ƙorafi. Dilan da ya san aikinsa shi ne ke sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Layin gyara

A kasuwar motoci ta Amurka, wanda ya sayi sabuwar Ford a wata jiha yana iya kai ta kowane dilan Ford a yi masa gyaran garanti. Mutane da yawa suna shiga kasuwar tirela da wannan zato, sai su tarar al'adar daban ce. Dilan tirela yakan fifita waɗanda suka saya a wurinsa, wanda ya sayo a wani wuri ya koma ƙarshen layi, wani lokaci ma a ce masa babu gurbi.

Wannan ba mugunta ba ce zalla, lissafin kasuwa ne. Gyaran garanti aiki ne mai wahala da ƙarancin riba: sai makaniki ya gano matsalar, a ɗauki hoto, a tura wa masana'anta, a jira amincewa, a jira kayan gyara su iso, sannan a biya dila gwargwadon sa'o'in da masana'anta ta ƙayyade, waɗanda sau da yawa ba su kai lokacin da aikin ya ci ba. Dila yakan jure wannan ga wanda ya ci ribar cinikinsa, yana kuma fatan ya dawo ya sayi babba bayan 'yan shekaru. Ga baƙon da ya kai ribar wata jiha, ba shi da wannan dalili. Ƙari a kan haka makanikai sun yi ƙaranci, har ta kai ƙungiyoyin sana'ar suka buɗe makarantar horar da su, RV Technical Institute, a Elkhart a 2019.

Doka ma ba ta cika ceton mai saye ba. Akwai dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975 da ke tilasta wa kamfani cika alƙawarin garantin da ya rubuta, amma neman haƙƙi da ita shari'a ce mai cin lokaci da kuɗin lauya. Dokokin jihohi da ke tilasta musanya sabuwar mota mai aibi kuwa, a jihohi da yawa ba su haɗa da tirelar da ake ja ba. Garantin gama-gari yawanci shekara ɗaya ne, wasu kamfanoni na ba da biyu ko uku, kuma kwanakinsa na tafiya ko da tirelar na tsaye a garejin dila tana jiran wani ƙaramin ƙarfe.

Lissafi da misali

A ɗauka, don misali kawai, dilan gida ya tsaya a dala 34,000, na nesa ya ce 29,000, kuma tazarar kilomita 1,500 ce. Ragin dala 5,000 ke nan. Zuwa da dawowa kilomita 3,000 ne, kuma a dawowa motar za ta sha mai kusan ninki biyu saboda nauyi da iskar da tirela ke tarewa. Idan mai da masauki da abinci suka ci dala 1,200, saura 3,800, ban da kwanakin aiki da aka rasa. Har nan dilan nesa ne ke gaba.

Sai a shigo da lokaci. A jihohin arewa lokacin fita gajere ne, kusan mako 14 daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Da sanyi ya kama sai a zubar da ruwan bututu don kada ƙanƙara ta fasa su, a rufe tirelar har bazara. Amma bashin banki, wanda a wannan kasuwa kan kai shekara 15 ko 20, da inshora da kuɗin wurin ajiya duk wata 12 ake biyansu. Idan jimillarsu dala 400 ce a wata, shekara ta ci 4,800, wato kowane mako na lokacin fita ya tashi a kusan dala 340. Tirelar da ta yi mako shida a layin gyara a tsakiyar wannan lokaci ta cinye fiye da dala 2,000, sama da rabin ribar da aka yi tafiya dominta, kuma hutun yara da aka shirya ya wuce. Idan hakan ya faru sau biyu a shekarar garanti, riba ta ƙare. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Akwai kuma ruɗin haraji. Wasu na zaton idan suka saya a jihar da ba ta karɓar harajin ciniki, kamar Oregon ko Montana, sun tsira. A ƙa'ida jihar da mutum ke zaune ita ke karɓar nata harajin ranar da ya je yi wa tirelar rajista, don haka tafiyar ba ta rage komai ta wannan fuska. Haka nan farashin talla ba shi ne na ƙarshe ba: wasu diloli sukan ƙara kuɗin dako da na shirya kaya da na takardu a teburin sa hannu, lokacin da mai saye ya riga ya yi tafiyar kwana biyu, komawa hannu rabbana ya yi masa nauyi. Wanda ya zo daga nesa shi ne mafi raunin mai ciniki a wannan teburi, kuma da zarar ya sa hannu a harabar dila babu dokar tarayya da ta ba shi damar fasawa bayan kwana uku.

Hujjar masu tafiya nesa

Masu sayowa daga nesa suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Ta farko: kusanci ba ya nufin nagarta. Akwai dilan gida da ke barin nasa abokan cinikin su yi watanni suna jira, kuma wanda ya biya shi ƙarin dala 5,000 ya yi asara biyu. Akwai kuma wanda, da yake shi kaɗai ne a yankin, yake tsawwala farashi don ya san babu abokin gasa. Idan kowa ya rungumi dilan garinsu ido rufe, babu abin da zai tilasta masa gyara halinsa. Barazanar tafiya nesa ita ke riƙe farashi.

Ta biyu: tirela don tafiya aka yi ta. Idan ta lalace, sau da yawa a hanya take lalacewa, inda dilan gida ba shi da amfani. Ga waɗanda suka mayar da ita gidansu na dindindin, suna bin ɗumi zuwa Fulorida ko Arizona da hunturu, kalmar gida ma ba ta da ma'ana a wannan lissafi.

Ta uku: hanyoyin gyara sun ƙaru. Akwai makanikai masu zaman kansu da ke zuwa da motarsu har inda tirela take, kuma kamfanoni da dama na amincewa su biya su aikin garanti idan an nemi izini tukuna, ko da yake kuɗin zuwansu yakan faɗa kan mai kaya. Masu ƙera firiji da na'urorin ɗumama ruwa suna da nasu wakilan gyara. Manyan diloli masu rassa a jihohi da yawa, irin su Camping World, suna tallata cewa abokin cinikinsu na da inda zai je a ko'ina. Wanda kuma ya iya riƙe sukundireba da gam zai gyara yawancin ƙananan matsaloli da kansa cikin yini guda, ba tare da ya shiga layin kowa ba.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma idan aka duba da kyau, kowace hujja tana bayyana wani irin mai saye ne na musamman: gwani, ko matafiyin dindindin, ko wanda garinsu babu dilan kirki. Ba su bayyana iyalin da ke sayen tirelarsu ta farko don hutun bazara ba, waɗanda ba su taɓa ɗaura ƙugiyar raba nauyi ba, ba su taɓa saita birkin lantarki na tirela ba, ba su kuma san cewa nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar mota ya kamata ya kasance tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar ba, domin in ya gaza haka takan yi lilo a kan titi. Tura irin wannan mutum ya yi jan farko na rayuwarsa a tafiyar kilomita 1,500 a babbar hanya, da kayan da ba a gwada ba, kasada ce da babu ragin da ya kai ta.

Yadda ya kamata a yanke shawara

Matakin farko shi ne a auna garejin dilan gida kafin a auna farashinsa. Mai saye ya bar ɗakin talla ya zaga baya, ya ga yawan wuraren gyara da yawan tirelolin da ke jira. Ya tambayi shugaban gareji, ba ɗan talla ba, mako nawa abokin cinikinsu ke jira a watan Yuni, da kuma ko suna karɓar kayan da aka sayo a wani wuri. Amsar tambaya ta biyu ita ce ainihin farashin tafiya nesa. Ya kuma je sansanin shaƙatawa mafi kusa ya tambayi masu tirela wanda ke yi musu gyara. Gani ya kori ji.

Mataki na biyu shi ne a nemi jimillar kuɗin ƙarshe a rubuce daga dilan nesa, da duk wani ƙari a ciki, a kai wa na gida. Sau da yawa ba zai iya saukowa daidai ba saboda kuɗin dako, amma yakan rage tazarar. Abin da ya saura bayan an cire kuɗin tafiya shi ne kuɗin matsayi a layi, kuma a nan ne mai saye zai tambayi kansa ko ya cancanta. Idan 'yan ɗaruruwa ne ko dubu ɗaya zuwa biyu a kan kaya na dala dubu talatin, kuma garejin ya ci jarrabawa, a saya a gida. Idan tazarar ta yi faɗi ƙwarai, ko garejin ya faɗi, ƙarin kuɗin ba ya sayen komai, sai a kama hanya.

Wanda ya zaɓi nesa kuma kada ya yi cinikin biri a sama. Ya nemo wanda zai yi masa gyara a garinsu tun kafin ya biya. Ya ɗauki mai bincike mai zaman kansa, irin waɗanda ƙungiyar NRVIA ke ba wa shaida, ya duba masa kayan daga rufi har taya. Kada ya sa hannu sai an gyara abin da aka gano, domin alƙawarin baki na cewa za a gyara daga baya ba ya tsallake iyakar jiha. Ya kuma kwana ɗaya ko biyu a cikin tirelar kusa da harabar dilan, ya yi wanka, ya dafa abinci, ya kunna kowace na'ura, ta yadda duk abin da zai bayyana ya bayyana tun makanikin da ke da alhakin gyara shi na nesa da shi da tafiyar minti goma.

Haka nan a yi hattara da manyan baje kolin sana'ar, kamar na Tampa a watan Janairu da na Hershey a Satumba. Wuri ne mai kyau na kwatanta ƙira iri-iri a yini ɗaya, amma dilan da ke bayar da ragin baje koli na iya kasancewa daga jiha mai nisa, kuma cikin hayaniya mutum kan sa hannu bai tambayi inda garejin yake ba. Wannan tambaya, ina za a kai ta ranar da ta lalace kuma mutum nawa ne a gaba, ita ya kamata a fara yi kafin a tambayi farashi.